Allon da Kunama ta zaɓa

A gida Auta ake ce mata. A asibitin da take aikin gwajin jini kuwa 'yar allura suke kiranta. Amma a wasan harbin da suke yi ta intanet, babu wanda ya san ta da wani suna sai Kunama. Wani shagon kayan kwamfuta ya shirya gasa, ƙungiyarsu ta zo ta biyu, ita kuma aka zaɓe ta a matsayin wadda ta fi kowa iya saiti. Kyautarta allon kwamfuta ne sabo fil. Aka ce ta zo shagon ta zaɓi ɗaya cikin guda biyu.

Ana cin abinci ta ba da labarin. Yayanta, mai zanen gine-gine, wanda kullum yake cewa wasan nan shiririta ce da ɓata wutar lantarki, ya ajiye cokali.

"Guda biyu? Wane iri da wane iri?"

"Ɗaya hotonsa ya fi fitowa tangaran, ɗayan kuma ya fi sauri."

"To ai babu wani zaɓi a nan. Gobe ki shirya in kai ki a mota."

Ta san dalilin wannan kirki na ba-zata. Teburi ɗaya suke amfani da shi a falo. In ta tafi asibiti, sai ya jona ƙaramar kwamfutarsa da tsohon allonta ya yi zanensa. In ta dawo da yamma, ya tattara ya ba ta wuri yana mita.

Da suka isa shagon, mai shago ya tarbi Yaya hannu bibbiyu, ya yi masa barka da nasara.

"Ba shi ba ne, ni ce," in ji ta.

"Au! Ke ce Kunamar? Sannu ƙanwata." Ya yi dariya, ya sake juyawa wajen Yaya. "Ranka ya daɗe, zo ka ga kaya."

Allunan biyu suna jere a kan kanta. Na dama ya fi girma, an sa masa hoton wani gari daga sama, kowace taga ta kowane bene ana iya ganinta. Yaya ya ciro filashin da yake ajiye aikinsa a ciki daga aljihu, ya jona, ya buɗe zanen wani gida da yake yi. Layukan suka fito siri-siri, rubutun ma'auni ƙanana suka fito raɗau. Ya cire tabarau ya matsa baya, har yanzu yana karantawa. Ta ga yadda fuskarsa ta saki. Ta sha ganinsa ya kafa hanci a jikin tsohon allon yana murza ido, kuma abin ya taɓa mata zuciya. Kaɗan ya rage ta ce a naɗe musu shi.

Sai ta ce, "Malam, sa min wasan a kan dukansu in gwada."

Ya sa mata. Ta ja kujera ta zauna, ta kama maus. A kan babban allon ta fara. Kyau kam ba a magana, har ƙwayar yashi ana gani a ƙasa. Amma da ta juya da sauri, bango da ƙofa da mutumin da ke bakin ƙofar suka cakuɗe kamar an shafa riga a kan fentin da bai bushe ba. Kafin hoton ya daidaita an harbe ta. Haka aka yi mata a wasan ƙarshe na gasar, ta ga abokin gaba bayan ya riga ya gan ta.

Ta koma kan ƙaramin. Hotonsa bai kai wancan kaifi ba, amma duk inda hannunta ya nufa, can yake kafin ta ƙifta ido. Ta kayar da uku a jere ba ta ko gyara zama ba.

"Wannan nake so."

"Wanne?" in ji Yaya. "Wannan ɗan tsugul ɗin?"

"Wancan sau sittin yake sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya, wannan sau ɗari biyu da arba'in. Kuma kwamfutata ba za ta iya jan wancan ba, sai ta riƙa haki kamar tsohuwar mota a kan tudu."

"Idon ɗan Adam ba ya ganin wannan bambancin. Talla ce kawai."

"Naka idon ne bai gani ba, Yaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Mai shago ya sa baki. "Ƙanwata, in kin bi ta tawa, ki ɗauki babban. Ko fim za ki kalla, ko aiki za a yi, kowa a gida ya amfana."

"Da ake gasar, kowa a gida ne ya zauna a kujerar?"

Mai shago ya shiga goge kantar da ba ta yi datti ba.

Yaya ya ciro waya ya kira Umma, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ya zayyana mata komai, ya ƙara gishiri. Umma ta ce a ba ta Auta.

"Ke Auta, shi da abin nan yake neman abinci, ke kuwa wasa ne. Bin na gaba bin Allah. Ki bar masa."

"Umma, in takalmi aka ba ni kyauta, sai in zaɓo wanda zai shiga ƙafar Yaya?"

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ki yi haƙuri, Umma. Komai na gidan nan in an ce a bari, ni nake bari. Wannan dai ɗaya ba zan bari ba."

Ta miƙa masa wayarsa. Yaya ya zare filashinsa, ya ce tunda ta girma, ta san hanyar gida. Ta bi shi da ido har motarsa ta fita daga layin.

Mai shago ya naɗe mata allon a kwali, ya ɗaure da igiya, ya ɗauke ta hoto don tallarsu. Ta rungumi kwalin ta fita bakin titi. Rana tana dukanta, igiyar tana yankar yatsunta, tasi biyu suka wuce ba su tsaya ba. Na ukun ya tambaye ta ko talabijin ce ta aure.

"A'a, kayan yaƙi ne," in ji ta, ta ɗora kwalin a cinya.

A gida Umma ta amsa sallamarta ciki-ciki. Auta ta cire tsohon allon, ta goge shi tas, ta kai shi bakin ƙofar Yaya da wayoyinsa, sannan ta jona sabon. Umma ta zo ta tsaya a bayanta, hannu a ƙugu.

"To ina abin da aka yi wa rigimar? Ni ban ga ya fi na da ba."

"Ba na kallo ba ne, Umma, na gudu ne."

"Allah Ya shirye ki."

"Amin."

Yaya ya kwashe aikinsa ya koma ɗakinsa da tsohon allon. Ya daɗe ba ya ce mata komai sai gaisuwa, ita ma ba ta je lallashi ba. Teburin falo ya zama nata ita kaɗai, ta matsar da shi kusa da taga.

A gasar da ta biyo baya, ƙungiyarsu ba ta ko kai wasan ƙarshe ba. Wasu ne suka fi su shiri, suka fitar da su tun ana dab da na ƙarshe. Yaya ya ji labari, ya leƙo falo yana murmushi.

"Ya, ina saurin?"

Ba ta juyo ba. "Wannan karon na ga wanda ya harbe ni, na kuma ga inda na yi kuskure. Gobe zan gyara. Ja min ƙofar, haske yana dukan allo."

Ya ja ƙofar. Ta mayar da abin jin magana kunnenta, ta ce wa 'yan ƙungiyarta su sake shiga.