Tsagar Malam Sanda

Wani Bayahude Bajamushe mai zanen fuskoki, Tomas Herzfeld, ya gudo Manchester daf da yaƙin duniya na biyu, ya tsufa a unguwar Longsight ba wanda ya damu da shi. Zanensa guda ne ya shiga ƙaramin gidan zane-zane na council, wato hukumar birnin, kuma fuskar Malam Sanda ce, mahaifin wata mata mai suna Zinatu.

Malam Sanda ya zo koyon aikin masaƙa, ya kama haya a gidan tsohon. Bagobiri ne, tsagarsa raɗau daga bakin leɓe har kunne. Masu ɗaukar hoto kan ce ya ɗan karkata don tsagar ta ɓoyu, shi kuwa Tomas sai ya zaunar da shi gaban taga ya bi tsagar layi-layi yana zanawa. Bayan rasuwar Malam, Zinatu kan baro kantin maganinta a unguwar Sparkbrook, can wani birni, ta hau jirgin ƙasa, ta tsaya gaban zanen ta yi masa addu'a.

Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, council ta sallami mai kula da zane-zanen, ta ba wani kamfani mai araha aikin wanke su. Ranar da aka dawo da su Zinatu ta zo da ɗokinta. Ta tarar da kumatun ubanta sumul kamar na jariri. Wani gwani ya ga layuka a fuskar baƙin mutum, ya yanke cewa fenti ne ya tsage, ya cike su tsaf.

Ranta ya ɓaci. Ta sa aka kira manajan gidan zane-zanen, ya iso da murmushinsa.

"Ina tsagar mahaifina?" ta tambaye shi.

Ya ce ai lalacewa ce aka gyara, kuma masu ziyara sun yaba. Da ta fahimtar da shi sai kunya ta kama shi, ya ba da haƙuri, ya ce ana iya kankare sabon fentin, amma bana babu halin hakan, baɗi ma ba tabbas.

Abin da ya fi ƙona mata rai, mutumin da aka koro daga ƙasarsa saboda asalinsa ya gane darajar asalin wani, su kuma da takardunsu sun shafe shi.

Ta nuna ƙaramin allon da ke ƙarƙashin zanen.

"To, ku cire sunan ubana daga nan," ta ce. "Wannan ban san ɗan gidan waye ba."