Fangali a Kan Rufin Inna

Innarmu ta rantse ba za ta kwana ƙarƙashin siminti ba, kuma wallahi ba laifinta ba ne. Ɗakin da wana Bawa ya fara gina mata a Bungudu, tsakiyar bazara aka zuba rufin kankarensa. Rana ta shanye ruwan kwaɓin tun bai kama jikinsa ba, ya tsattsage. Damina na sauka ya dinga yoyo kamar rariya. Inna ta kwashe kayanta ta koma tsohon ɗakinta na ƙasa, wanda bangonsa ya riga ya rabu. Tsoro ya hana ni sakat, don na san ɗakin nan ba zai ga ƙarshen wata daminar ba.

Bawa kuwa akwai taurin kai, gadonta ya yi. Ya farfasa rufin don a sake zuba sabo. Birkilan da ya ɗauko daga Gusau ya zuba maganin hana yoyo a kwaɓin, amma ya ce a zafin garin nan magani kaɗai ba ya isa, sai kankaren ya yi makonni bai bushe ba. Ana watsa ruwa da safe, kafin hantsi ya ƙafe. To Bawa manomin albasa ne. Ya hau da laka ya ja fangali a kan rufin, irin na lambunsa, ya cika shi da ruwa, ruwan ya kwanta. Ni ke miƙa masa bokiti, hannuna har ya yi kanta. 'Yan unguwa suka samu abin yi, kowa ya wuce sai ya tambaya yaushe za a cire albasar sama.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska kamar zai ɗauke gari. Inna ta shigo sabon ɗakin da kwanonta, ta ajiye daidai inda ya ɗiga mata bara, ta zauna ta harɗe hannu tana jiran ta kunyata mu. Aka yi ta tafkawa har kwararo ya cika. Ta duba kwano, ta shafa bango, ta sake duba kwano. Ko ɗigo. Ni dai daɗi ya kusa kashe ni.

Ta daɗe tana hararar rufin, sannan ta dubi Bawa.

"To me kake tsaye kana washe mini baki? Je ka ɗauko mini gadona."