Haƙoran Baba Aku

Duk wanda ya kalli kashi na ɗaya na fim ɗinmu na katun, ba kyanwar yake tunawa ba, ba kunkurun ba, balle zomon nan da Darakta ya ɓata wata da watanni yana gyara masa kunne. Akun ake tunawa. Tsohon aku mai tsiya, yana zaune a kejinsa a falo yana tsara wa sauran dabbobin gida yadda za su zauna, kuma duk maganar da zai yi sai wani siririn fito ya biyo bayanta. Ya ce "sannu", fito. Ya ce "shashasha", fito har biyu. Yara suka ɗauka, suka hana iyayensu sakat da shi.

Ni ce mai ɗaukar sauti a kamfanin, don haka na san tushen abin. Ba na'ura ba ce. Baba ne, dattijon da ya yi muryar akun, wanda ya tsufa yana wasan kwaikwayo a rediyo. Haƙoransa na gaba sun zube tun da daɗewa, iska ce ke bi ta giɓin. Ba ya son zancen ko kaɗan. In dariya ta kama shi sai ya kare baki da hannu, in aka zo ɗaukar hoto sai ya tsuke leɓe kamar an yi masa laifi. Da fim ɗin ya fita sunansa ya ɓace, kowa sai Baba Aku.

A kashi na biyu an kawo wa gidan sabuwar 'yar kyanwa marar jin magana, aku ya ɗauki nauyin koya mata zaman gida. A ƙa'idar aikinmu murya ake fara ɗauka, sannan masu zane su zana baki ya bi ta. To lokacin Baba yana wajen 'yarsa, wata ma'aikaciyar jinya, yana hutawa, shi kuwa Darakta bai iya jira ba. Ya karanta layukan aku da kansa, ya ce a yi zane a kai, in Baba ya dawo ya ɗora tasa. Bai tsaya nan ba, har da ƙarin hikima: duk inda aku zai yi fito, a zana gashin bakin 'yar kyanwar yana kaɗawa kamar iska ta busa shi. Na ce masa ba a haka. Ya ce ni matsalata tsoro. Na ƙyale shi, amma ban yafe ba.

Ranar da Baba ya dawo, 'yarsa ce ta sauke shi a mota. Ya turo ƙofa ya yi sallama, ya tsaya a tsakiyar ofis yana murmushi. Murmushi sosai, hannuwansa biyu a aljihu. Haƙora reras, farare tas, an jera masa na roba. Masu zane suka miƙe ana ta barka, ana cewa Baba ya koma saurayi, a nemo masa amarya. Ya yi dariya har da jefa kai baya. Wallahi na ji daɗi har cikin raina, ban taɓa ganin dariyarsa gaba ɗayanta ba sai ranar.

Daɗin bai je ko'ina ba. Ya shiga ɗakin ɗaukar murya, ya zauna gaban makirufo, ni da Darakta muna hango shi ta gilashi. Na kunna hoton. Aku ya dubi 'yar kyanwa, Baba ya ce, "Sannu, shashasha, sauka daga saman kujerar nan." Magana ta fita tsaf, kamar ta mai karanta labarai. A allo kuwa gashin bakin kyanwa sai kaɗawa yake yi shi kaɗai, ba iskar da ta taɓa shi.

Darakta ya danna maɓallin magana. "Baba, ya yi kyau. A ɗan ƙara mana irin na da ɗin nan."

Baba ya sake. Ya matse harshe, ya turo leɓe, ya karkata baki. Abin da ya samu bai wuce hucin taya mai sacewa ba. Muka yi ta yi har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya tafi na gwada yanko fito daga kashi na ɗaya ina liƙawa a sabuwar muryar, sai ya zama kamar an ɗora buta a wuta a bayan aku.

Washegari Darakta ya ja ni gefe, wajen da muke dafa shayi.

"Ke ce yake kira 'yarsa. Je ki ce masa ya cire."

"Ya cire me?"

"Kin sani mana."

"In dubi sa'an ubana in ce ya zare haƙoransa a gabanmu? Kai da ka yi zanen kafin murya, bakinka ciwo yake?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce to shi fa akwai wani da ke kwaikwayon muryar aku a waya, har ya fi Baba fito, in abin ya gagara shi zai kira. Na san ba mugunta ba ce, lokaci ne ya ƙure masa. Amma raina ya ɓaci, don na san abin da akun nan yake a wajen Baba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a rediyo ba wanda ya san fuskarsa, sai da tsufa yara suka fara tare shi a hanya.

Na haɗa shayi na kai masa ɗakin. Yana zaune, ya kifa takardar layukansa a cinya. Na tsaya ina juya cokali, na rasa ta inda zan fara.

"'Yata, ajiye kofin," in ji shi. "Ai na san abin da kuke ƙus-ƙus a kai. Tun kalmar farko na ji."

Na ce, "Baba, ni ban ce komai ba."

"Ba ki ce ba, shi ya sa nake gaya miki." Ya jawo kofin gabansa. "'Yar nan tawa da ta kawo ni jiya, ita ta matsa, ita ta yi ta kai ni wajen likitan haƙori. Ta ce, Baba, mutanen nan ba aku suke wa dariya ba, bakinka suke wa. Na ce mata ba haka ba ne, amma da na kwanta sai na ce ko haka ne? Kin san ranar da aka sa min su, hoto muka ɗauka da jikokina. Ina ciki ina dariya. Ta buga shi ta rataye a falo."

Na ce in ya ga ba zai iya ba, ba wanda zai ga laifinsa.

"Wa zai yi akun? Wancan na waya?" Ya tsuke fuska. "Shi fito kawai ya iya. Aku ba fito ba ne, tsoho ne da ke tsoron a daina jin maganarsa." Ya dubi gilashin da ke tsakaninsa da wajen zamanmu. "Akwai abin da za a rufe wannan?"

Na ɗauko baƙin ƙyallen da muke lulluɓe na'ura, na manne shi a gilashin. Ya kafa sharaɗi: ba mai shigowa, ba mai leƙe, kuma 'yarsa ba za ta ji ba. Darakta ya yi ta gyaɗa kai kamar zai tsinke. Na koma kujerata na sa abin ji a kunne. Makirufo ba ya rufa wa kowa asiri, na ji ƙarar ruwa, na ji ɗan ƙwal ɗin haƙoran a gindin kofi. Wannan kam na goge shi nan take.

Sai murya ta zo daga bayan ƙyalle. "Sannu, shashasha." Fito ya bi ta, gashin bakin kyanwa ya kaɗa daidai wurin. Darakta ya dafe kai. Haka muka gama fim ɗin, ba mu ga fuskar Baba yana aiki ba ko sau ɗaya. In ya gama sai ya buga ƙofa, ya fito da haƙoransa da murmushinsa.

Nunin farko da rana aka yi shi, silima ta cika da yara. Aka sha dariya, har kunkurun ya samu rabonsa. 'Yar Baba tana kusa da ni. Da aku ya yi fiton farko ta juyo ta dubi mahaifinta, shi kuwa ya kafe allo da ido. Daga nan ba ta ƙara dariya ba har aka tashi.

A harabar fita Darakta, da ba ya iya riƙe bakinsa, ya ɗaga murya ya ce ga Baba Aku nan. Yara suka yanyame shi. Wata mata ta kutso riƙe da 'yarta, ƙaramar yarinya da ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Yarinyar ta yi magana, hannunta a kan bakinta, ba a ji ba.

"Cewa take ka yi mata maganar aku," in ji uwar. "Ka yi haƙuri, Baba. Haƙoranta na gaba ne suka fita, 'yan ajinsu suka sa mata Aku. Yanzu ko karatu aka ce ta yi ba ta yarda. Na ce ta zo ta ga mai akun da kansa."

Baba ya durƙusa da ƙyar. Ya ce, "Sannu, 'yar gidana."

Yarinyar ta dubi fararen haƙoran nan, ta dubi uwarta. Ta cikin yatsunta ta ce, "Ba shi ba ne."

Baba ya daɗe yana kallon ɗan hannun nan da ke kan bakinta. Ni dai na san hannun, na sha ganin irinsa. Ya ɗaga kai ya dubi 'yarsa, kamar mai neman izini. Ita kuwa idanunta sun kawo ruwa. Sai ta buɗe jaka, ta zaro hankici ta miƙa masa.

A gaban yara da iyayensu da masu ɗaukar hoto ya zare su, ya naɗe a hankicin. Bakinsa ya lotsa, tsufansa ya dawo gaba ɗaya.

"Sannu, shashasha," in ji shi. "Sauke hannun nan in ga naki."

Fiton ya ratsa harabar. Yara suka kwashe da ihu. Yarinyar ta zaro ido, ta sauke hannu a hankali, ga giɓi nan ƙato. Ta ce, "Shashasha!" Nata fiton ya fi nasa kaifi. Dariya ta kama Baba, hannunsa ya taso zai kare baki kamar yadda ya saba. 'Yarsa ta riƙe hannun, ta taimaka masa ya miƙe, kuma ba ta sake shi ba har suka kai mota.