Buhun Indo

Shekarar da fara ta cinye gero tun yana tsaye, En'e ta fitar da hatsin agaji. Raƙuma suka sauke shi a Bodinga, jakuna suka ƙarasa da shi Shagari. Dokar Bature guda ce, kuma ba ta da kunne: wanda bai mayar da buhun da aka ba shi ba, ba za a sake auna masa ko ƙwaya ba.

Na'Allah mutumin Lambara ya karɓi nasa, amma bai cece uwarsa Indo ba, don cikinta ya riga ya manta da tuwo. Ranar da ta cika babu ƙyallen likkafani ko na rantsuwa a garin. Liman ya dubi buhun, ya kau da kai. A cikinsa aka rufe ta.

Da hatsin ya ƙare, Na'Allah ya je Shagari hannu sake.

"Ina buhu?" in ji Sodangi, malamin sito.

"Ranka ya daɗe, inna ta tahi da shi."

"To ka bi ta ka amso. Ni ba ni niy yi dokag ga ba."

"Ɗiyana fa, Malam?"

"Kowa da ɗiya nai. Matsa, akwai mutane bayanka."

Ya koma gida ya tarar da matarsa Tani tana dafa tafasa ba gishiri, ƙaramin yaron ya daina ko kuka. Na'Allah ya ɗauki fartanya. Tani ta gane, ta riƙe masa riga.

"Uwarka ce fa."

Ya zare rigarsa ya wuce. Ku da kuka tashi cikin ƙoshi, kada wanda ya yi saurin zaginsa.

Rana tsaka ya isa maƙabarta. Kabarin yana nan yadda aka bar shi, ƙayar da aka jera a kai ba wadda ta gusa, babu sawun mutum, babu na kura. A bisa ƙayar kuwa ga buhu, a kakkaɓe, a ninke. An ƙulle kusurwarsa guda, irin ƙullin da Indo ke yi a haɓar zaninta in ta ɓoye wa jikoki ƙuli.

Bai kwance ƙullin ba. Ya yi sallama, ya ɗauka.

A bakin sito ya ga mutanen Kajiji da na Horo Birni, da dama riƙe da buhu mai jar ƙasa a saƙarsa. Ba wanda ya dubi idon wani. Sodangi ya karɓi na Na'Allah, ya kai hanci. Sannan ya auna, har ya ƙara da tafin hannu.

Yaran sun kai kaka. Na'Allah ya sayar da damin farko, ya sayi farin yadin alawayyo, ya shimfiɗa a kan kabarin da la'asar, ya danne da duwatsu. Da safe duwatsun suna nan, an jera su gefe guda.