Ranar da Delfina Ta Ƙi Zana Kowa

"Yatsu nawa ne a hannun Baba?" Fabián ya tambaya, ido ɗaya a madubi, ɗaya a kan bas ɗin da ke neman matse tasinsa a titin Santa Fe.

"Biyar," in ji Delfina daga kujerar baya, baki cike da biskit.

"Ƙofar gida fa?"

"A buɗe."

"Wa ya fi tsawo, ni ko Mama?"

"Mama."

"A zane nake nufi, Lukuta! A zane!"

"Kai."

Ya sauke ajiyar zuciya. Tsohuwar matarsa Mariela ta samu aiki a garin Mendoza mai nisa, tana so ta kwashe yarinyar su tafi can gindin duwatsu. Alƙali kuwa ya ce ba zai yanke komai ba sai ya ji ta bakin Dakta Ferreyra, likitar tunanin da ke ganin Delfina tun da ta koma fitsarin kwance bayan rabuwarsu. Yau likitar ta kira su su uku, ta ce za a yi zane.

A Buenos Aires ko mai sayar da jarida yana da likitan tunanin da yake miƙe wa ƙafa a doguwar kujera yana kai ƙarar uwarsa. Fabián kaɗai ya tsira, domin a cewarsa fasinjoji sun ishe shi. Wani fasinjan ne ma, ɗalibin jami'a mai gemun akuya, ya tona masa asirin yadda likitocin ke karanta zanen yara tsakanin danja biyu: uba marar yatsu mugu ne, gida marar ƙofa kurkuku ne, uban da aka zana ƙarami kuwa ya yi sallama da 'yarsa. Tun ranar yake ba yarinyar horo kamar mai shirin gasar duniya.

Sun tarar da Mariela a ɗakin jira tana kurɓar shayin mate.

"Ka makara," ta ce. "Likitana ya ce duk mai makara, akwai abin da yake gudu."

"Ki gaishe shi. Ki ce masa an rufe titi."

"Haka uwarka ma ke cewa."

"Kar ki sa uwata."

"Ni na sa ta? Ai ba ta taɓa fita ba."

Ƙofa ta buɗe. Dakta Ferreyra 'yar tsamurmurar dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, wadda ta shahara da cewa "Hmm". An ce akwai mutumin da ya saki aiki saboda "Hmm" ɗinta guda. Ta ɗauko akwatin wasan Delfina, wanda ba mai buɗe shi sai ita yarinyar, ta shimfiɗa babbar takarda a ɗan gajeren tebur. Iyayen suka zauna a kujerun yara, gwiwoyinsu kusa da haɓa.

"Delfi, zana mana abin da kike so."

Delfina ta ɗauki fensir. Fabián ya yi tari sau ɗaya, wato a fara da ƙofa. Mariela ta gyara ɗan kunne. Yarinyar ta dubi wannan, ta dubi waccan, sannan ta ajiye fensirin.

"Ban san wanne zan yi ba."

"Guda nawa ne?" in ji likitar.

"Na Baba da na Mama. Na Baba, shi dogo da yatsu da rana. Na Mama, duwatsu da kare, Baba kuma yana can nesa a mota yana ɗaga hannu."

Fabián ya juya a hankali. "Kin horar da ita? Ke ko kunya!"

"Ji mai wa'azi! Kai dogo? Sai dai in ka hau rufin tasi."

"Hmm," in ji Dakta Ferreyra.

Delfina ta zaro fensira biyu daga akwati, ta danƙa wa kowa ɗaya. "Ku zana da kanku, kun fi ni iyawa." Ta nuna ubanta da yatsa, ta kwaikwayi muryarsa har da ɗaure gira. "In ka ɓata, ba za ka sake ganina ba." Ta juya wajen uwarta da siririyar murya. "In kin ɓata, zan zauna ni kaɗai ina kuka."

Daga nan ta ja akwatinta ta shige ƙarƙashin tebur.

Da mai hankali ne, da ya ajiye fensirin. Amma Mariela ta riga ta fara jan dutse daga ɓangarenta, kuma Fabián bai ga dalilin da zai bar mata fili ba. Ya kafa gida mai ƙofa kamar ta gareji. Ta ƙara dutse. Ya zana kansa, kai na taɓa rana, da yatsu manya kamar ayaba. Ta sako kare har bakin ƙofarsa. Ya faka tasi a kan wutsiyar karen.

"Matsar da gwiwar hannunka."

"Nan unguwata ce."

Sai da takarda ta cika maƙil suka ɗago suna haki. Wani ɗan hannu ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya ja takardar. Delfina ta duba ta sama da ƙasa, ta nemi wurin da ya rage, ba ta samu ba. Ta kifa takardar. A bayan, inda babu gida babu dutse, ta zana 'yar mitsitsiyar yarinya a tsakiya, ta rubuta sunanta a ƙasa don kar a yi musu.

Fabián ya buɗe baki.

"Mu tsaya nan," in ji likitar, ta miƙe.

"Dakta, me za ki faɗa wa alƙali?"

"Kai me za ka faɗa masa?"

A bakin titi Delfina ta tsaya gaban shagon askirim ta manna hanci a gilashi. Iyayen suka tsaya a bayanta, kowa na kallon takalminsa. Mariela ta share ido da bayan hannu, ta ce hayaƙin bas ne. Fabián ya daɗe yana juya makullin mota a yatsa.

"Wai a Mendozan nan," ya ce, "ana hawa tasi?"

"A'a, jakuna muke hawa."

"Da gaske nake, Mariela."

Ta kalle shi sosai, irin kallon da ta yi shekaru ba ta yi masa ba.

"Uwarka za ta suma," ta ce.

"Ta suma. Ai tana da likita."