Ƙurjin Kan Hancin Kulu

Bayan an gama girbin gero, labari ya iske Malam Daudu a Batsari cewa yayarsa Kulu tana kwance a Safana. Sai ya goya 'yarsa Ramlat a babur. Tana karatun likita, ta zo hutu gida.

Suka tarar da Kulu ta ɗaure kai, ƙuraje masu ruwa sun feso mata a gefen hagu na goshi. Ta ce goshin kamar an ɗora masa garwashi, amma ido lafiya lau, ko ƙaiƙayi ba ya yi. Daudu ya yi hamdala. Ita kuwa Ramlat hankalinta na kan wani ɗan ƙurji a ƙarshen hancin gwaggonta.

Ta wanke hannu, ta murza auduga siririya, ta taɓa baƙin idon dama. Nan take Kulu ta ƙifta. Ta sake wata audugar ta taɓa na hagu. Ido ya tsaya a buɗe, kamar ba shi aka taɓa ba.

"Gwaggo, rashin ciwon nan shi ne ciwon," in ji Ramlat.

Ta bayyana musu cewa jijiyar gani daban, jijiyar jin taɓi daban. Ita ta taɓin tana fitowa daga cikin kai ta rabu uku, reshe ɗaya ya hau goshi, ɗaya ya nufi inda hawaye ke fitowa. Na ukun shi ke bi ta bayan ido, ya watsa siraran zare a fuskar idon, ya ƙare a kan hanci. Ƙurjin hancin alama ce cutar ta bi wannan reshe. Idon da ba ya jin tsakuwa kuwa ba zai kare kansa ba.

Ramlat ta ce a kai ta asibiti a ranar, amma Kulu ta so a bari sai bayan kasuwa. Daudu, wanda bai taɓa yi wa yayarsa musu ba, ya fita ya samo mota.

A Katsina likitan ido ya duba, ya ba da magani, ya ce sun zo a kan kari. Sannan ya tambayi wa ya gane haka tun daga gida.

Daudu ya gyara zaman hularsa.

"'Yata ce, likita. Ta biyu a ɗakin uwarta."

Idon Kulu ya tsira. Damina na faɗuwa da kanta ta tsince irin gyaɗarta.