Waƙa Ta Bakwai

Aikin Mas'udu karatu ne. Kullum bayan azahar yakan hau mota daga Hayyul Ashir, ya sauka ya shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Dokki, ya hau bene na huɗu, ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, ya karanta wa Hussain abin da mutane suka rubuta a kansa.

Ba wannan ne karon farko da ya zama idon wani ba. Daga Gusau ya zo Alƙahira karatun hadisi. Tallafin karatu ya ƙare, karatun bai ƙare ba, sai ya shekara biyar yana yi wa wani tsohon malami makaho karatu. Abu ɗaya tsohon ya hore shi a kai: mai karanta wa makaho ba ya ƙara harafi, ba ya rage harafi. Da malamin ya rasu, wata mata mai suna Mahasin ta nemo shi ta hannun wani limami, ta ce ƙanenta na bukatar mai karatu. Ba ta gaya masa ƙanen makaɗi ba ne, sai da ya shiga ya ga jita shida jingine a bango.

Hussain ya rasa idanunsa a ƙarshen 2011, a wata hatsaniyar titi da ƙananan harsasai suka same shi a fuska. Kafin nan sanannen mai kaɗa jita ne, irin kiɗan rock mai nauyi, mai ƙara kamar injin niƙa. Shi da wasu mutum uku, kowa daga tsohuwar ƙungiyarsa da ta yi suna ta watse, suka haɗu suka kafa sabuwa, suka sa mata Kubri Hadid, wato Gadar Ƙarfe. Masoya sun shekara biyu suna jira. A watan Maris na 2013 faifansu na farko ya fito, mutane suka yi ca a shafin ƙungiyar.

A ɗakin da Mas'udu ke kwana su biyar ne, duk ɗalibai, duk ƙannensa ne nesa ba kusa ba. Tun da suka ji inda yake aiki hira ta ragu tsakaninsu. Idan ya shigo sai wani ya ce, "Malam na gidan makaɗa ya dawo," a yi 'yar dariya, kowa ya koma kan littafinsa. A Dokki ne kaɗai ake tambayarsa abin da yake gani game da wani abu.

"Yalla ya maulana, wa ke biye?" in ji Hussain, yana kishingiɗe, baƙin tabarau a fuska.

"Wani ne mai suna Sarkin Duhu, ba hoto. Ya ce mai ganga ya tsufa, ya kamata ya koma sayar da ƙosan tamiya."

"Me ka ce da ruwayarsa?"

"Majhuli ne, Ustaz. Ba a san ubansa ba, ba a san malaminsa ba. Ba a karɓa."

Hussain ya yi dariya har da tari. Wannan wasan shi ya ƙirƙiro shi, tun ranar da ya gane Mas'udu na auna masu sharhi yadda ake auna masu ruwaitar hadisi.

"Na gaba fa?"

"Wannan jiya ya ce faifan ya fi komai a tarihin Masar. Yau ya ce shara ne."

"Hukuncinsa?"

"Ya rikice a ƙarshen rayuwarsa."

Komai Mas'udu yake karantawa, har zagin, da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Masu cewa taron manya ba ya haifar da ɗa mai ido, masu cewa muryar Hamad mawaƙin ƙungiyar ta mutu tun tuni, masu faɗa da juna kan siyasa sun manta da faifan gaba ɗaya. Amma a kan abu guda kusan kowa ya haɗu: waƙa ta bakwai, inda jita ke kuka ita kaɗai minti biyu. Wani ya rubuta cewa a cikin mota ya ji ta, ya tsaya gefen titi ya share hawaye. Wata ta ce Hussain bai taɓa kaɗi irin wannan ba lokacin da yake gani. Wani ya ce a nan ne za ka ji abin da aka yi wa idon mutumin.

Mas'udu ya lura idan aka zo kan waɗannan, Hussain ba ya neman hukunci. Sai dai ya ce, "Wuce."

Ran kwana na tara da fitowar faifan ya tarar da Hussain zaune a miƙe, jita a cinya.

"Rufe kwamfutar tukuna. Ka ga wannan yatsan?" Ya ɗaga ƙaramin yatsansa na hagu, a sandare yake. "Ƙofar mota ta datse shi ina shekara tara. Ban taɓa danna tsirkiya da shi ba. Da uku nake kaɗi, duk wanda ya san ni ya san haka. Wanda ya kaɗa ta bakwai da huɗu yake kaɗi."

Mas'udu ya dubi yatsan.

"Na kaɗa tawa. Wata takwas bayan asibiti, ina shan magani, hannuna na rawa, amma na kaɗa. Suka ce madalla. Bayan na tafi suka kira wani ya sake, suka bar sunana. Jiya na kira Hamad. Ka san me ya ce? Wai don ni suka yi."

"Wataƙila da gaske yake."

"Na san da gaske yake. Shi ya sa ban yi barci ba. Buɗe shafina, rubuta."

Layi biyar ne. Ya ce waƙa ta bakwai ba hannunsa ba ne, bai san na wane ne ba, duk wanda ya yi kuka a kanta to ga wani ya yi, a nemo shi a gode masa. Mas'udu ya rubuta, ya maimaita masa sau biyu.

"Tamam, ya yi. Aika."

A lokacin Mahasin na tsaye bakin ƙofa da tiren shayi. Ta dubi Mas'udu, ta girgiza kai a hankali, ta sake girgizawa. Mas'udu ya dubi ƙanenta, ya ga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Ya danna wani maɓalli da ba ya yin komai.

"Na aika," in ji shi.

Hussain ya lalubo wayarsa ya kashe, ya tura ta ƙarƙashin matashi. "Khalas, shi ke nan. Kwana uku kada wanda ya neme ni. Kai kaɗai za ka gaya mini abin da suka ce."

A matattakala Mahasin ta cim masa.

"Allah ya saka maka, ya Sheikh. Ba ka san shi ba kafin faifan nan. Wata huɗu bai yarda an buɗe taga ba. Maganganun mutanen nan su suke tashinsa daga gado."

"Ba su da daɗi a kunnensa, Madam."

"Ko ba daɗi, suna ambatonsa. Idan ya yi wannan, 'yan ƙungiyar za su bar shi, su kuma waɗancan su cinye shi ɗanye. Ka dai ba ni kwana kaɗan."

A mota ya yi ta juya abin. Ya san malamai sun yi rangwame kan ƙaryar da ake yi don sulhu, da wadda ake yi don tsare rai. Ya yi ta neman ƙofar da tasa za ta shiga, kowace ya je sai ya ga ta yi masa ƙunci. Abin da ya fi damunsa shi ne bai tabbata ba ko don Hussain ya yi, ko don kujerar nan ta kusa da taga. Idan ƙungiyar ta watse, sharhi ya ƙare, me zai rage a karanta?

Washegari sai ga matsalar da bai hango ba. Saƙon da ba a aika ba, ba shi da amsa. Dole ya ƙirƙiro. A bayan takardar wani tsohon darasi ya rubuta su, yana tsaye a metro, ya ba kowa suna da gari. Da ya isa ya buɗe kwamfutar, ya ɗora takardar a kai, ya karanta da muryar nan tasa ta kullum.

"Wani daga Ɗanɗa ya ce gaskiya ta fi kowace waƙa, Allah ya ƙara maka daraja. Wata daga Iskandariyya ta ce ba ka yi laifi ba, mara lafiya yana da uzuri. Wani ya ce ransa ya ɓaci, amma ya yafe."

Hussain ya saurara da kai a sunkuye. Ranar ya ci abinci sosai. Mahasin ta sa wa Mas'udu basbusa, wani kek mai zaƙi, a leda ya tafi da ita, ya ajiye wa 'yan ɗakinsu, shi bai iya ci ba.

Rana ta biyu ya rubuta goma sha biyu. Rana ta uku ya rubuta ashirin, har ya fara jin daɗin aikin, abin da ya ƙara ba shi tsoro. Yana cikin na takwas Hussain ya ɗaga hannu.

"Dakata, ya maulana. Wannan na Asyuɗ ɗin, me ka ce da ruwayarsa?"

"Da alama... mai gaskiya ne."

"Na Ɗanɗa fa?"

"Shi ma."

"Duk masu gaskiya. Kwana uku ke nan ba wanda ya zagi uwata." Ya gyara zama. "Ba wanda ya ce na yi ne don neman suna. Ba wanda ya kawo maganar shugaban ƙasa. Ba wanda ya tallata maganin sanƙo a tsakiya. Kowa ya yi sallama, ya ba ni uzuri, ya yi mini addu'a ya tafi. Shekara ashirin ina kaɗa wa mutanen nan, Mas'udu. Kwalba suke jifana da ita idan sun ji daɗi. Waɗannan naka a masallaci ɗaya suke salla."

Ƙarar motoci na shigowa ta taga. Mas'udu ya ninke takardar, ya san Hussain ya ji motsinta.

"Ban aika ba, Ustaz."

"Na sani. Tun jiya. Na so in ji iya inda za ka kai."

"Laifina ne."

"Ba sai ka rufa mata asiri ba, ina jin ƙamshin shayinta a bakin ƙofa ranar. Mahasin yayata ce. Ita ta goya ni, aikinta ke nan ta yi mini ƙarya. Kai fa? Gidan nan cike yake da masu tausayina. Likita na tausayina, Hamad na tausayina har ya sa wani ya zama ni. Mutum ɗaya nake da shi da zai karanta mini 'jaki' idan an rubuta jaki."

Hussain ya juyo da fuskarsa wajen kwamfutar.

"Saƙon na nan?"

"Yana nan."

"Aika."

Ya aika. "Na aika, Ustaz."

"Haka ka ce wancan karon."

Hussain ya zaro wayar daga ƙarƙashin matashi, ya kunna, ya ajiye a kan tebur tsakaninsu. Suka zauna. Mahasin ta leƙo ta koma. Wajen minti ashirin wayar ta fara ruri.

"Sunan wa?"

"Hamad."

Hussain ya gyaɗa kai. Bai ɗauka ba, ya bar ta ta yi ta yi har ta gaji. Fuskarsa ta saki kamar wanda aka cire wa ƙaya.

"Akwai wata manhaja da ke karanta wa makafi rubutu," in ji shi. "An daɗe ana ce mini in sa, ina ƙi. Muryarta kamar ta gwangwani. Gobe za a zo a sa mini." Ya miƙo hannu, Mas'udu ya kama. "Ban riƙe ka ba. Amma duk abin da ka karanta daga yau zan riƙa tambayar kaina, ni kuma na gaji da tambaya. Allah ya kai ka lafiya, ya maulana."

Washegari bayan azahar Mas'udu ya sa takalmi kamar kullum, don kada 'yan ɗaki su tambaya. Ya hau mota ya sauka a Wustul Balad, tsakiyar gari, ya shiga wani shagon intanet, ya buɗe shafin.

Amsoshi sun haura ɗari huɗu. An zagi uwar Hussain tun a na uku. Wasu sun ce a mayar musu da hawayensu. Wasu sun ce dabarar talla ce. An buɗe sabon faɗa kan wane ne mai kaɗin, an ambaci sunaye shida, kowa na rantsuwa. Ƙungiyar ta fitar da sanarwa mai tsawo da ba ta ce komai ba. Mas'udu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba.

Can ƙasa wani direban tirela ya rubuta layi uku. Ya ce ya daɗe da jin wani abu ba daidai ba a waƙar, ta cika santsi, Hussain ɗin da ya sani yana tuntuɓe a hanya ya tashi. Ya ce in kaɗin farko na nan, na mai rawar hannun, a sako shi haka nan, shi zai saya.

Mas'udu ya karanta sau uku. A cikin duk waɗanda ya ƙirƙira babu wanda ya yi tunanin neman wannan. Ya ari biro wurin mai shago, ya kwafe shi a takarda. Ya fito ya tsaya a bakin metro, mutane na ture shi ta kowane gefe. Dokki tasha biyu ce daga nan. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya nufi inda motocin Hayyul Ashir ke lodi.